Kada ka sauke giyabos kafin ka san laifinsa

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran gareji. Saƙonka ya iso game da 4Runner ɗin nan ta 1994 da aka kawo maka, wadda ka ce ba ta da ƙarfin tashi in an sa ta a D, kuma mai ita ya matsa a sauke giyabos a je Ƙofar Ruwa a sayo na Beljiyam. Ba shi haƙuri, ya ƙara maka yini guda. Giyabos ɗin motar nan daga gidan A340 yake, na kamfanin Aisin, mai giya huɗu, danginsa ne ke cikin Hilux Surf da Prado na shekarun 1990. Yana da ƙarko ƙwarai, kuma sau da yawa abin da ake ɗora masa laifin mai ne, ko kebul, ko waya.

Fara da mai. Ka zaga da motar har giya ta ɗauki zafi, digiri 70 zuwa 80, ka tsaya a wuri miƙaƙƙe, inji na silo, ƙafarka a kan birki. Bi da liba daga P har L, ka dawo da ita P, sannan ka zare sandar awo. Man ya tsaya a zanen HOT. In ya gaza, famfo iska zai riƙa ja, giya ta yi ta zamewa. In an cika shi ya wuce kima, kumfa yake yi, ita ma kumfar ba ta danne faiba, wato fayafayan kuloci da ke kama giya a ciki. Sai ka ɗiga shi a farar takarda ka shinshina. Ja garau, lafiya. Ruwan ƙasa, ya tsufa ne kawai. Baƙi mai ƙauri, faiba ta soma ƙonewa. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne ka gan shi kamar an zuba madara cikin zoɓo: bututun sanyaya man giya da ke cikin lagireto ya huje, ruwa ya shiga. Ruwa yana ɓamɓare faiba daga ƙarfenta, don haka kada motar ta ƙara motsi sai an canza lagireto an wanke man tas. Dexron II ko III ake zuba masa. Ka sani in ka kwance noti na ƙasa, kimanin lita 2 kawai za ta fito cikin kusan lita 10, sauran na cikin bututu da kwambata, wato tulun man nan da ke haɗa inji da giyabos.

Daga nan ka duba kebul ɗin da ya taso daga totur ya gangara giyabos. Mutane suna raina shi, alhali shi ne ke ƙara matsin mai gwargwadon yadda direba ya taka. Sa yaro ya take totur har ƙasa, inji a kashe. Tazarar da ke tsakanin bakin robar kebul da ɗan ƙullin da ke jikin wayar ta zama milimita 0 zuwa 1. In ya saki, matsi zai ragu, giya ta riƙa shiga da santsi tana cin faiba a hankali. In an ɗaure shi da yawa, sai ta riƙa shiga da duka.

To, ga gwajin da nake so ka riƙe da kyau, domin shi ne ke raba gardama tsakanin laifin lantarki da laifin ciki. Salanoyid biyu ne ke zaɓar giya, wato bawul masu aiki da lantarki da kwamfutar mota ke kunnawa. Na ɗaya kaɗai a kunne, giya ta ɗaya. Duka biyu a kunne, ta biyu. Na biyu kaɗai, ta uku. Duka a kashe, ta huɗu. Saboda haka in ka cire soket ɗin salanoyid a jikin giyabos, ka raba shi da kwamfuta ke nan, liba kaɗai ke aiki: L ta ba ka giya ta ɗaya, 2 ta ba ka ta uku, D ta ba ka ta huɗu, ribas kuma yana nan yadda yake. Fita hanyar da babu cunkoso, ka tashi a L, ka tura 2, ka tura D. In kowacce ta kama daram ba zamewa, cikin giyabos da sauran lafiya, ka koma kan waya. Kada ka tashi daga tsaye a D a wannan hali, kwambata za ta dafa man. Ka lura kuma gwajin bai taɓa giya ta biyu ba, ita sai an mayar da soket za a ji ta.

Abin da ka kwatanta mini, nauyi a D, ya fi kama da mutuwar salanoyid na ɗaya, don in ya mutu kwamfuta a giya ta uku take tayar da mota. In na biyu ne, motar za ta tashi lafiya sannan ta tsallake daga ta ɗaya zuwa ta huɗu. Amma kada ka sayi komai a kan zato. Buɗe ƙaramin akwatin bincike na cikin bonet, ka haɗa ramukan da aka rubuta wa TE1 da E1 da guntuwar waya, maɓallin O/D (na giya ta huɗu) a kunne, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilar O/D OFF za ta yi ƙyafce, ka ƙirga. 62 salanoyid na ɗaya, 63 na biyu, 64 na kulle kwambata, 42 da 61 na'urorin auna gudu. 'Yan Amurka daga 1996 zuwa sama sai da na'urar OBD2, a can za ka ga irin su P0753 da P0758. Lambar hanya take nunawa, ba ta ce salanoyid ɗin kansa ya mutu ba. Sa mita tsakanin kowanne da jikin giyabos, om 11 zuwa 15 ake nema. Auna a soket ɗin giya, ka sake aunawa a bakin kwamfuta. In alƙaluman suka bambanta, waya ce ta tsinke ko zafin salansa ya cinye ta, abin da ba baƙo ba ne ga motar da ta haura shekara 30. Akwai kuma salanoyid da mita za ta wanke shi, lamba ba ta fito ba, amma datti ya maƙale shi. Shi sai an sauke kwanon ƙasa, a ba shi wutar batir a ji ya ce ƙas, a hura masa iska: ba wuta ya toshe, da wuta ya buɗe.

In korafin rashin shiga ta huɗu ne, leƙa inji tukuna. Kwamfuta ba ta barin giya ta huɗu ta shiga sai ruwan inji ya kai zafin da take buƙata. Motar da aka cire wa tamostat, kamar yadda aka saba a garejojinmu, tana iya daɗewa ba ta kai ba da safiyar hunturu, haka ma in na'urar auna zafin ruwa ta lalace. Ni dai ban yarda da cire tamostat ba ko kaɗan. Makunnin fitilar birki in ya maƙale yakan hana kwambata kullewa, na'urar totur kuma in ta karkace sai lokacin canjin giya ya rikice.

Kada ka manta mota ce mai giyar taimako. Tabbatar ƙaramar liba ba ta tsaya a N ba, ba ta kuma rataye tsakanin H da L ba. In an bar ta a H4 a kan kwalta, ko tayoyin ba girmansu ɗaya ba, za ta riƙa ɗaurewa a kwana tana nauyi, a ce giya ce.

Sai duk waɗannan sun fita lafiya za ka gwada cikin. Daga N zuwa D kada kamawa ta wuce daƙiƙa 1.2, zuwa R kuwa 1.5. Sannan ka sa waigi a tayoyi huɗu, ka ja birkin hannu, ka danne birki, ka take totur a D kana kallon agogon juyin inji. Kada ka wuce daƙiƙa 5, kuma ka bar mai ya huce kafin ka yi na R. Inda allura ta tsaya, ka gwama shi da abin da littafin injin ya faɗa. In ta haura a D kaɗai, kulocin gaba ne ke zamewa. A R kaɗai, kulocin dairek ko birkin giya ta ɗaya da ribas. A duka biyun, matsin mai ne ya faɗi, sai ka sa geji. In ta gaza a duka, inji ne ba ƙarfi ko kwambata.

Idan ka sauke kwano, dubi maganaɗisun da ke ciki. Baƙin laushi kaɗan ba komai. Ɓurɓushin ƙarfe, ƙyallin tagulla ko gutsattsarin faiba, su ne hujjar sauke giyabos, kuma ka kira mai motar ya gani da idonsa kafin ka ambaci kuɗi. Wajen mayarwa, notocin kwano Nm 7.4 kawai suke so, kada yara su murɗe su, kuma gam siriri za a shafa don kada rara ya faɗa ciki ya toshe matata. In ma ta kai ga sayen na Beljiyam, a wanke bututun sanyaya mai tukuna, in ba haka ba dattin tsohon zai shiga sabon.

Ka aiko mini da lambar da fitila ta ba ka da abin da mita ta nuna. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara. Allah ya yi maka albarka, ya sa albarka a sana'a.

Mahaifinka.