Ƙungiyoyin wasan daɓe na Kano: a ba su wurin gwaji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu yi magana kan ƙungiyoyin wasan daɓe na birnin Kano, waɗanda sana'ar fim ta tsiro daga cikinsu amma yau ake neman mantawa da su.

Kwaikwayo ba baƙo ba ne a garin nan, tashen azumi kaɗai ya isa shaida. Amma ƙungiya mai shugaba da sakatare da ma'aji, samarin unguwanni ne suka raya ta. Tumbin Giwa ta kafu a 1979, ga Gyaranya, ga Jigon Hausa. Da Gwamna Abubakar Rimi ya buɗe gidan talabijin na CTV a 1982, sai suka samu ƙarin inda za su kai wasanninsu, har Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a 1990. Abin da ya raya su kuwa ba kyamara ba ce. Gwaji ne na yau da gobe, da karo-karon mako.

Ga masu son farfaɗo da abin, mutum 12 zuwa 15 sun isa. In aka wuce haka, wasu za su zauna ba rawar takawa, tsegumi ya shigo. Wasan awa ɗaya yana buƙatar gwajin mako shida, sau uku a mako: makon farko karatu a zaune, biyu na haddar magana, biyu na shiga da fita, na ƙarshe da kaya da lasifika kamar ranar wasa. Kowace babbar rawa mutum biyu su haddace ta, domin ranar da aka kira jarumi wurin ɗaukar fim, tafiya zai yi.

A fili, lokacin wasa tsakanin la'asar ne da magariba. Duk wasan da ya yi tsawo da yawa, kiran salla zai yanke shi, 'yan kallo su watse ba su ga ƙarshe ba. Janareto a kai shi bayan katanga da doguwar waya, in ba haka ba ƙararsa ta haɗiye muryoyi. Lasifika ta tsaya gaban makirufo tana fuskantar jama'a. In tana bayansa, ƙugi za ta riƙa yi. Dandamalin bencina kuma a ɗaure ƙafafunsa da igiya, don yana buɗewa ana tsaka da fitowar faɗa. 'Yan mata sai da yardar iyaye, gwajinsu da rana, mai unguwa kuma ya san da zaman.

Kuɗi ne ya fi kashe ƙungiya. A ƙirga kuɗin ƙofa a gaban mutum uku kafin a tashi, a rubuta a littafi, a fitar da hayar kujeru da man janareto, a ware kashi ɗaya cikin uku na asusu, sannan a raba saura. Asusun ya zama da sa hannun mutum biyu.

Roƙonmu ga Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa da shugabannin makarantun sakandare shi ne su ba ƙungiyoyi masu rajista ɗakin taro ranakun Asabar da Lahadi, musamman da damina, lokacin da gwaji a fili ba ya yiwuwa.

Wassalam.

Wasu masu kishin wasan daɓe,
Birnin Kano