Shekarar da wata tasha ta yi shiru: rahoton ayyukan 2025 ga 'yan ƙungiyarmu ta masu sauraron rediyo

Assalamu alaikum. Iyayen ƙungiya, shugaba, ma'aji, shugabar mata, 'yan uwa na cikin birnin Katsina da na karkara, da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka, ina gaishe ku da irin gaisuwar da muka saba aika wa juna ta akwatin rediyo. Kamar yadda tsarin ƙungiya ya tanada, ga bayanin abin da muka yi a shekarar 2025, da abin da muka so yi bai yiwu ba. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi da bakinsa a babban taro, don haka ba zan shiga gonarsa ba.

Zan fara da abin da ya fi taɓa mu. A tsakiyar azumi, ranar Juma'a 14 ga Maris, shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin rage hukumar da ke kula da Muryar Amurka, washegari aka ce ma'aikata su zauna gida. Mu a nan ba takarda muka gani ba, kunnenmu ne ya ba mu labari. Ba zan manta da kiran da wani dattijonmu ya yi mini da sassafe ba. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Sakatare, rediyona ne ya lalace, ko kai ma ba ka samu shirin safe ba?" Ya riga ya sauya batir, ya fita tsakar gida ya zaro eriya har ƙarshe, ya murɗa allura gaba da baya. Da na gaya masa abin da ake ciki sai ya yi shiru, can ya ce tun yana saurayi yake jin mutanen nan. Gaskiya ya faɗa. Sashen Hausa na Muryar Amurka ya fara aiki a 1979, shekara 46 ke nan, kuma a cikinmu akwai waɗanda da sautin buɗe tashar suke sanin lokacin fita gona ko kasuwa ya yi. Watanni suka yi ta shuɗewa ba mu sake jin muryoyin da muka saba da su ba. Mun rubuta takardar jaje da godiya da sunan ƙungiya, muka aika wa wasu daga cikin ma'aikatan ta hanyar da muka samu. Iyakar abin da ke hannunmu ke nan.

'Yan uwanmu na Maraɗi sun riga mu ɗanɗana irin wannan. Hukumomin Nijar sun dakatar da RFI, wato Rediyon Faransa, a watan Agustan 2023, sannan a Disambar 2024 suka sanar da dakatar da BBC na wata uku. Ƙungiyarmu ba ta siyasa ba ce, ba mu taru don yanke wa wata gwamnati hukunci ba. Abin da ya shafe mu a matsayin masu saurare shi ne wannan: shirin da ke zuwa ta tashar FM ta cikin gari, rana ɗaya ana iya kashe shi. Waya ma haka take. Mutanen Jibiya da Batsari da Safana ba sa buƙatar a tuna musu watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu saboda matsalar tsaro. A watannin nan, wanda ke da rediyo mai gajeren zango shi ne mai labari a garinsu.

Wannan ne ya sa a taron bayan ƙaramar salla muka sauya tsarin shekarar gaba ɗaya. Kuɗin da muka ware don ɗinka riguna masu tambarin ƙungiya muka mayar da shi kan gyaran rediyo. Wasu ba su ji daɗi ba, kuma na fahimce su, domin an daɗe ana alkawarin rigunan nan. Amma a ganina ba mu taɓa kashe kuɗin ƙungiya a inda ya fi dacewa ba.

Ga yadda aikin ya gudana. Ɗaya daga cikin membobinmu mai gyaran rediyo ne a kasuwa, ya yarda ya riƙa ba mu ranar taronmu ta wata-wata kyauta, ƙungiya ta sayi dalma da waya da ƙananan kayan gyara. Muka ce kowa ya lalubo tsohon rediyon da ke gidansa. Abin da aka fito da shi ya ba mu mamaki. An kawo National Panasonic mai rigar fata, an kawo Philips, an kawo Sony, wani ya zo da na mahaifinsa a naɗe cikin tsohon rawani. Mafi yawansu ciwonsu ɗaya ne: an bar batir a ciki ya yi ruwa ya cinye ƙarafunan. Wasu kuma zaren da ke jan allura ne ya tsinke, sai ka yi ta murɗawa allura na tsaye. Na zauna kusa da shi ranar da ya buɗe wani na wata Hajiya. Ya busa ƙura, ya kankare tsatsa da bakin reza, ya ɗiga dalma a wuri biyu, ya sa sabon zare ya zagaya shi a kan ƙafafun nan kamar mai ɗinki. Da ya kunna, shuuu ɗin nan na gajeren zango ya cika ajin da muke taro, sai ga murya ta fito daga ciki. Hajiya ta rufe fuska da mayafi. Rediyon mijinta ne, tun da ya rasu ba a sake jin motsinsa a gidan ba. Allah Ya jiƙansa, Ya saka wa mai gyaranmu da alheri. Waɗanda ba su gyaru ba, da izinin masu su, mun ajiye don a riƙa cirar kaya.

Daga gyara sai muka gano akwai jahilcin da ya shigo mana ba mu ankara ba. Matasanmu da yawa ba su san ma'anar lambobin da ke fuskar rediyo ba, ba su san me ake nufi da mita 16 ko mita 49 ba. Wani malamin kimiyya cikin membobinmu ya ɗauki zama biyu yana bayani da alli a jikin allo, kuma ya kamata in taƙaita shi a nan saboda waɗanda ba su halarta ba. FM tafiyar miƙe yake yi, shi ya sa da ka yi nisa da gari sai ya ɓace. Gajeren zango kuwa sama yake tashi, ya bugi wani rufi na iska da hasken rana ke caja shi can ƙololuwa, ya dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita. Ta haka shirin da aka cilla daga tsibirin Asanshon da ke tsakiyar tekun Atilantika, inda BBC ke da na'urorin yaɗa shiri tun 1966, yake sauka a tsakar gida a Babbar Ruga. Rufin nan yana sauyawa tsakanin rana da dare, don haka da rana a nemi tasha a ƙananan mitoci irin su 16 da 19, da dare da asuba kuma a koma 31 da 41 da 49. Ya kuma nuna mana abin da ke damun mutanen birni: cajar waya mai araha, da wasu ƙwayayen fitila, da na'urar juya wutar sola, duk suna zuba ƙara a kan gajeren zango. Ya kunna rediyo kusa da caja muka ji ƙugi, ya zare ta murya ta washe. Maganin ba tsada: a nisanta rediyo da waɗannan kaya, a samu siririyar waya doguwa a ɗaura a jikin eriya a rataya ta bisa katanga ko reshen bishiya, a kuma cire ta in hadari ya taso.

Bayan wannan muka buɗe littafin saurare. Duk wanda ya kama wata tasha ta Hausa yana rubuta rana da lokaci da mita da yadda sauti ya fita. Membobin karkara sun fi na birni ƙoƙari a nan, ina faɗa ne don na birni su ji.

Aiki na biyu da ya ci mana lokaci shi ne na tarihi, kuma rashi ne ya tura mu gare shi. Da damina muka rasa ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nan, mai shayin da a teburinsa aka yi zaman farko. Bayan sadakar bakwai iyalinsa suka kira mu suka miƙa mana wata adakar ƙarfe. Da muka buɗe, gara ta riga ta ci kusan rabin abin da ke ƙasa. Abin da ya tsira kuwa dukiya ne: katunan zaɓi sonka da bai kai ga aikawa ba, ambulan masu kan sarki na Ingila da Jamus, jadawalin shirye-shirye, kalandu, da kaset-kaset da ya naɗi duk ranar da aka karanta wasiƙarsa. A bayan wani kati ya jera sunayen mutanen da yake gaisarwa, tun daga Funtuwa da Gusau har Damagaram da Kumasi, mutanen da yawancinsu bai taɓa gani da ido ba. Ga matasan da ke tambayar yadda aka yi ƙungiyar nan ta samu, amsar tana bayan katin nan. Tun da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, zamanin Sardauna, mutane suka riƙa sanin juna ta gaisuwa a iska. Za ka shekara kana jin sunan mutum da laƙabinsa da unguwarsu, har ranar da za ka ce bari in je in ga mai sunan nan. In ka isa, ba a tambayarka wane ne kai, sunanka ya riga ka zuwa. Iyayen ƙungiyarmu haka suka haɗu, kuma duk zumuncin da muke taƙama da shi yau daga nan ya tsiro.

Mun shanya takardun, mun jera su a leda, wasu matasa biyu sun ɗauki hoton kowace ɗaya da waya. Kaset ɗin ne suka ba mu wahala, domin samun na'urar da ke juya su lafiya ya zama aiki, kuma biyu sun tsinke a hannunmu. Sai da muka ari wata aka gyara, sannan muka kwafe sauran zuwa kwamfuta. Mun kuma fara zama da dattawan da suka rage muna naɗar hirarsu. Wannan aiki bai yi nisa ba, kuma laifina ne a matsayin sakatare, don sau biyu ina ɗage ziyarar wani dattijo saboda hidimar kaina, kafin in je ciwo ya kwantar da shi, magana ta yi masa wuya. Ina roƙon ƙungiya ta yafe mini, ina kuma roƙon kada a sake jinkirta ziyarar kowa.

Ranar Rediyo ta Duniya, 13 ga Fabrairu, wadda hukumar UNESCO ta ayyana a 2011, mun yi ta kamar yadda muka saba: ziyara zuwa wani gidan rediyo na cikin gari, aka zagaya da mu ɗakin watsa shiri, aka ba shugaba da shugabar mata 'yan mintuna suka yi gaisuwa. Zumuncin yau da kullum ma bai tsaya ba. An halarci aure da suna, an je ta'aziyya, an duba marasa lafiya a gida da asibiti. Ɓangaren mata ya cancanci yabo na musamman, su ne suka tara kuɗi a tsakaninsu suka sayi rediyo masu cajin rana suka raba wa wasu makafi da tsofaffin da kuɗin batir ya fi ƙarfinsu, kuma ba su taɓa asusun ƙungiya ba.

Ziyarar Maraɗi da muka tsara ba ta yiwu ba. Iyaka a buɗe take tun Maris ɗin 2024, amma kuɗin mota da halin hanya suka sa iyayen ƙungiya suka ba da shawarar a dakata, muka bi. Kuɗin wata-wata kuma yana tafiyar hawainiya. Na san halin da ake ciki, ba wanda za a kora don ya kasa biya. Abin da ke da ciwo shi ne mutum ya daina zuwa taro saboda kunyar bashi. Ku zo, kujerarku tana nan.

Akwai magana ɗaya da ta jawo muhawara, kuma ba mu rufe ta ba. Wasu matasa sun ce tunda yanzu a waya suke jin shirye-shirye, a sauya sunan ƙungiya a cire kalmar rediyo. Dattawa suka ƙi. Ra'ayina shi ne wanda ya ji shiri a waya ɗan uwanmu ne cikakke, ba mai raba shi da mu, amma bayan abin da muka gani bana, ban ga dalilin sakin rediyo ba, ko a suna ko a aiki. Za a kawo maganar gaban babban taro, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa.

A shekara mai zuwa kwamiti na neman amincewarku a kan ci gaba da ranar gyara, da kammala hirar dattawa kafin damina. Muna kuma son fara shiri tun yanzu don ranar 13 ga Maris, 2027, lokacin da Sashen Hausa na BBC zai cika shekara 70. Muna da haƙƙi na musamman a kan wannan rana, domin muryar da ta buɗe shirin farko na minti 15 a 1957 ta Aminu Abdullahi Malumfashi ce, ɗan ƙasar Katsina. Burinmu shi ne mu baje kolin kayan adakar nan da tsofaffin rediyon da muka gyara, yara 'yan makaranta su zo su gani, su murɗa allura da hannunsu.

Babban taro zai kasance ranar Lahadin farko ta watan Janairu bayan sallar la'asar, a ajin da muka saba, kuma a nan za a yi zaɓen sababbin shugabanni. Duk mai tsohuwar wasiƙa ko kati ko kaset a gida ya zo da shi, za a ɗauki hoto a mayar masa da abinsa a ranar. Wanda kuma littafin saurare ke hannunsa ya taimaka ya dawo da shi kafin lokacin.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya,
Katsina, Disamba 2025