Ku gaya wa masu sauraro iyakar bututun jijiya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na lafiya a kan ɗan bututun da ake ɗinkawa tsakanin bakunan jijiyar ji da motsi da ta tsinke domin ta bi ta cikinsa ta sake toho, kuma raina ya ɓaci ƙwarai, saboda kun bar jama'a da zaton cewa duk wanda hannunsa ya shanye ya samu waraka. Ba ku faɗi cewa bututun nan, ko na kolajin ne, wato sinadarin da ke cikin fata da guringuntsi, ko na zaren da ke narkewa a jiki, amfaninsa ya tsaya ne ga giɓin da bai wuce santimita 3 ba, galibi a ƙananan jijiyoyin yatsu. Idan giɓin ya yi tsawo, har gobe likitoci yanko jijiya suke yi daga bayan ƙwauri su dasa, gefen ƙafar kuma ya daina ji. Bututun gyaran lakar gadon baya kuwa bai wuce matakin gwaji ba.

Ƙanena ɗan acaba ne a nan Agege. Mota ta buge shi, jijiyoyin da ke gangarowa daga wuya zuwa hannu suka tumɓuke tun daga tushe. Mai ɗori ya haɗa ƙashin, amma hannun ya ci gaba da reto, aka daɗe ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Da aka kai shi asibiti, likita ya bayyana mana cewa jijiya tana toho ne kimanin milimita 1 a rana, tsokar da ta yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba ta samun saƙo kuwa ba ta farfaɗowa, kuma lokacinsa ya riga ya wuce. Yanzu mahaifiyarmu ta ji shirinku, ta dage sai an sayar da gona a nemo masa bututu. Da wane baki zan gaya mata cewa ba irin ciwonsa yake gyarawa ba?

Ina roƙonku ku gayyato likitan tiyata daga asibitin ƙashi na Igbobi ya faɗa wa 'yan acaba da mahautan Oko-Oba cewa hannun da ya daina motsi bayan haɗari ko yanka, a garzaya da shi asibiti tun da wuri. Sannan ku gyara layin wayarku, domin na yi ta kira lokacin shirin bai shiga ba.

Mai sauraronku,
daga Agege, Legas.