Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Hausawan Agege

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ni malamin makaranta ne a nan Agege, da yamma kuma nakan tara yaran unguwa mu yi bitar karatu. Wani yaro ɗan shekara 12 ne ya sa na ɗauki alƙalami. Yana jin Hausa kamar jakin Kano, ga Yarbanci, ga Buroka, ga Turancin makaranta. Basira kam Allah ya ba shi. Amma da na miƙa masa littafi na ce ya karanta shafi ɗaya ya ba ni labari, layi huɗu ya yi ya ɗago kai. Sai na lura babban yatsansa yana ta shafar takardar yana tura ta sama, yadda ya saba yi wa waya. Ranka ya daɗe, abin ya tsaya mini a rai har yau.

Ba shi kaɗai ba ne. A leƙa teburin mai shayi bayan isha'i, inda da ake tafka musu kan labaran rediyo, yanzu kowa ya sunkuyar da kai. Na ga uwa tana suyar awara, jaririnta na kuka, ta zaro waya ta ɗora masa a cinya, nan take ya yi tsit. Ban ga laifinta ba, hannu biyu gare ta.

Ban ce waya abar ƙyama ba ce. Da ita ɗan kasuwar Mile 12 ke jin farashin tumatir tun mota ba ta taso daga Arewa ba, da ita ake aika wa iyaye na cefane. Sai dai kallo da karatu ba aiki ɗaya suke sa ƙwaƙwalwa ba. Mai kallo an dafa masa, an tauna masa, nasa haɗiya kawai. Mai karatu kuwa, in ya ga an rubuta "doki ya faɗa kogi", shi zai ƙera dokin a ransa, ya ba shi launi, ya auna zurfin ruwan, ya ji tsoron da mahayin ke ji. Dole ya riƙe abin da ya gani a shafi na 3 har ya kai na 30, in ba haka ba labari ya kuɓuce masa. Linzami a hannunsa yake: ya tsaya, ya koma baya, ya yi tunani, ya ƙi yarda in bai gamsu ba. A littafi ne kuma yake cin karo da kalmomin da ba zai taɓa ji a hirar bakin titi ba. Bidiyon TikTok kafin ka gama dariyar wannan wani ya faɗo, ba tare da ka nema ba. Yaron da ya saba da haka, ta ina zai iya zaman awa biyu gaban takardar WAEC?

Ga kuma barci. Hasken waya da ɗokin abin da ke cikinta suna kore barci, a garin da yara ke tashi tun asuba don gudun cunkoson hanya. Ina ganinsu a aji suna gyangyaɗi tun hantsi.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Suwidin, da ta cika ajujuwa da na'urori, tun 2023 ta juya tana mayar da littattafan takarda. Ostireliya ta yi doka a 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafukan sada zumunta. Waɗannan ba jahilan fasaha ba ne.

Mu kuwa ba baƙin karatu ba ne. Kakanninmu da suka kafa zango a garin nan da allo da tawada suka zo, wasiƙun fatauci da ajami suke rubuta su. Bayan da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, mutum ɗaya kan karanta, jama'a su kewaye shi suna saurare.

Roƙona ke nan, Allah ya taimaki Sarki. Ɗakin karatu na Herbert Macaulay yana Yaba, ɗan Agege ba shi da kuɗin motar zuwa can kullum. A samar mana ɗaki ɗaya kusa da fada ko masallaci, da tabarmi, da fitilar sola, da littattafan Hausa da Turanci da Larabci. In Sarki ya yi magana, attajiranmu na Abbatuwa da 'yan canji ba za su ƙi ba. A kuma roƙi limamai su taɓo zancen a huɗubar Juma'a, domin iyaye sun fi jin nasu a kan namu.

Ni ina da kwali guda na littattafai a ƙarƙashin gado, kuma na ba da yammacin Asabar da Lahadi kyauta. Ranar da aka ce in kawo su, da yaron nan zan zo, shi zai ɗauko kwalin.

Naka mai biyayya,
Wani malamin makaranta, Agege, Legas