Sanarwa: Shuka itatuwa da yasar kwata ranar Asabar

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne na wannan zaure.

In Allah ya kai mu Asabar, za mu haɗu bakin masallacin unguwa da ƙarfe 7 na safe, kafin rana ta yi ƙarfi. Mai shebur ko baro ya zo da shi.

Da kwata za mu fara. Ledar fiya wata ta toshe ta tun daga bakin titi, kuma kowa ya ga yadda ruwa ke kwanciya a unguwar Mabera ta nan Sakkwato duk damina. Manyanmu ba su manta ambaliyar 2010 ba, wadda ta yanke hanyar jami'ar Ɗanfodiyo.

Sai shuka. Sakkwato na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin katangar itatuwa na Tarayyar Afirka ya shafa, wanda aka ƙaddamar a 2007 don tare hamada. Amma a ganina aikin bai tsaya ga hukuma ba. Dogon yaron da muke fakewa ƙarƙashinsa a zafin Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, wani ne ya dasa shi ya yi ta ba shi ruwa. Dasawa ba wuya, rainon ne aiki: kowane gida zai ɗauki itace ɗaya, ya kewaye shi da ƙaya ko tsohon bulo saboda awaki, ya riƙa zuba masa ko da ruwan alwala ne har rani ya wuce.

Don Allah Alhaji mai shago, a taimaka mana da jarkoki. Mai zuwa ya rubuta sunansa nan kafin Juma'a.