Kafin a ɗora wa kamfanin intanet laifi, a duba cikin gida

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon ɗan fili in yi magana da shugabannin makarantu, asibitoci da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta, waɗanda da zarar tura fayil ya fara jan ƙafa sai su ce "sabis ne", su ƙara kuɗin data. Sana'ata haɗa kwamfutocin ofis, kuma sau da yawa ciwon yana cikin ɗakinsu, wajen akwatin nan na katangar tsaro da muke kira fayawol.

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. A jona kwamfuta biyu a suwic ɗaya, wato akwatin da ke haɗa kebul ɗin kwamfutocin ofis, a auna gudunsu da manhajar iperf3, kyauta ce. Sannan a sa fayawol a tsakaninsu, a sake aunawa. In na farko ya kai wajen megabit 940, na biyu ya tsaya a 90 da ɗoriya, to kamfanin intanet bai ma shigo zancen ba.

Ita wannan 90 ɗin alama ce. Kebul yana da ƙananan wayoyi 8 a cikinsa. Gigabit, wato megabit 1000, sai da dukkansu, amma guda 4 sun ishi megabit 100. Saboda haka in ɓera ya ɗan taɓa kebul, ko yaron da ya matse kan bai matse da kyau ba, ba lallai haɗin ya yanke ba. Sai ya sauko 100 shiru, fitila tana ta ƙyaftawa kamar lafiya lau. Na taɓa tarar da wata makaranta har an kawo mata farashin sabuwar na'ura, ashe ɗan guntun kebul ne tsakanin fayawol da suwic ya lalace.

Sai lambar gudu da ke jikin kwalin fayawol, wadda 'yan kasuwa ke ji da ita. Galibi babbar lambar nan an auna ta ne ba tare da an kunna binciken ƙwaƙwaf ba. Kamar shingen jami'an tsaro ne a babbar hanya: in ɗaga hannu kawai ake yi, motoci na wucewa, amma ranar da aka ce kowa ya buɗe but, layi sai ya kai gari na gaba. A duba nauyin da ke kan ƙwaƙwalwar na'urar a daidai lokacin da ake tura babban fayil. In ta cika maƙil, ko a rage abin da take bincika tsakanin kwamfutocin cikin gida, ko a sayi wadda ta fi ta. Masu na'urar kamfanin MikroTik su gwada FastTrack, tsarin da ke barin bayanai su wuce ba tare da dogon bincike ba, amma su sani yana tsallake ƙa'idojin rabon gudu da suka kafa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu toshe ICMP, wato ƙananan saƙonnin da na'urori ke aika wa juna don sanar da matsala, gaba ɗaya wai don tsaro. Ƙunshin bayani a kebul galibi ba ya wuce bayit 1500, layin PPPoE (wata hanyar da kamfanonin intanet ke jona mutane) kuma yana cinye 8, saura 1492. Ta ICMP ake sanar da mai turawa cewa ƙunshinsa ya yi girma, ya rage. An toshe bakin ɗan aike, wa zai gaya masa? Sai ka ga ƙananan shafuka suna buɗewa, babban fayil kuwa ya tsaya cak. A buɗe wa wannan saƙon hanya, ko a ƙayyade MSS, wato iyakar bayanan da kowane ƙunshi zai ɗauka, a 1452.

Don Allah kada wani ya karanta wannan ya je ya cire fayawol ɗinsa, na san akwai masu yin haka in an matsa musu. Roƙona ga shugabanni, kafin ku sa hannu a takardar ƙarin kuɗin intanet, ku ce mai gyaranku ya kawo muku lambobin nan biyu a rubuce, gudu da fayawol da gudu ba shi.

Na gode.

Naku,
Wani mai haɗa kwamfutoci, daga Kano