Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanin Da Ke Tallar Aikin Ido Da Leza

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa.

Ƙorafinmu a kan tallarku ne mai cewa duk wanda ya kai shekara 18 zai iya rabuwa da tabarau a yini ɗaya, da kuma fom ɗin da kuke ba mutane su cike kafin aiki. Fom ɗin ya tambayi ciwon suga, ya tambayi juna biyu, amma ko layi ɗaya babu a kan cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, irin su lufus, amosanin gaɓɓai na rumatoyid da ciwon Shogiren mai busar da ido da baki. Alhali hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta daɗe da sa waɗannan cututtuka cikin dalilan da ke hana aikin LASIK, wato gyaran gani da leza. Likitocinku sun san da haka.

Kaurin koniya, tantanin nan garai-garai da ke gaban ido, bai wuce rabin milimita da ɗan ɗoriya ba, wajen maikiron 540. A LASIK ana yanka murfi mai kaurin maikiron 100 zuwa 120, a ɗaga shi, leza ta kankare abin da ke ƙasa, a mayar da murfin. Yankan nan yana katse jijiyoyin da ke sanar da ido cewa yana buƙatar hawaye, shi ya sa ko lafiyayye kan yi watanni yana fama da bushewar ido. To, ina ga mai Shogiren, wanda tun farko cutar ta lalata masa wurin da hawaye ke fitowa? A busasshen ido ɗan ƙaramin miki ba ya rufewa. Garkuwar jiki ta far masa, naman koniya ya riƙa narkewa, wani lokaci har ya huje, sai an yi dashe. Komawa wani nau'in aikin leza da ake kira PRK ba mafita ba ce, domin a can fatar saman koniya ake cirewa gaba ɗaya, a jira kwana 3 zuwa 5 ta sake tsirowa, kuma saurin warkewar nan ne mai wannan ciwo ya rasa.

Sai magani. Sitiroyid, maganin rage kumburi, na jinkirta warkewa, yana buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta. Maganin ɗigawa na rage zafi, kamar dikilofenak, da ake bayarwa bayan aiki, shi kansa an san yana iya jawo narkewar koniya a busasshen ido.

Ba muna cewa a kori kowa ba ne. Mai lufus ko rumatoyid da ciwonsa ya lafa na aƙalla wata shida, idonsa bai bushe ba, bai taɓa kumburi a farin ido ko cikin ido ba, ana iya duba lamarinsa tare da likitan gaɓɓansa. Amma ta ina za ku bambance shi da wanda aikin zai cutar, tunda ba ku tambaya ba? Da yawa ma ba su san suna da Shogiren ba. Abin da za su ce kawai shi ne ido na musu kamar an zuba yashi, kuma busasshen abinci ba ya wuce musu sai da ruwa.

Gwajin bushewar ido bai taka kara ya karya ba. Siririyar takarda ce ake maƙalawa a fatar ido ta ƙasa na minti 5. In jiƙewar ba ta kai milimita 5 ba, bushewar ta yi tsanani. Sannan a ɗiga launi a ido a ga ko hawayen da ya lulluɓe ido na ɗaukar daƙiƙa 10 kafin ya tsage. In da shakka, a tura gwajin jini na SSA da SSB, mai taimakawa wajen gano Shogiren.

Muna neman ku janye kalmar "duk wanda" daga tallar, ku sa waɗannan cututtuka da sunayensu a fom tare da tambayar magungunan da mutum ke sha, ku kuma daina yin gwaji da aiki rana ɗaya ga mai ɗaya daga cikinsu. Waɗanda kuka riga kuka yi wa aiki da tsohon fom, a kira su a sake duba idanunsu ba tare da sun biya ko sisi ba. Muna jiran amsarku a rubuce.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiyar ido